Fräulein ko Frau: me ya sa Jamusawa suka daina bambanta budurwa da matar aure wajen kira?

Hafsat Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Masu zama a Jamus da waɗanda suka yi nisa a harshen, don Allah ina neman haske. Zan rubuta wa shugabar ma'aikatan jinya ta wani asibiti takardar neman gurbin horo, kuma an tabbatar min ba ta taɓa aure ba. Littafin koyon Jamusanci da na gada wajen kawuna ya ce matar aure Frau ce, wadda ba ta yi aure ba kuma Fräulein. Malaminmu na aji kuwa ko sau ɗaya bai taɓa ambaton Fräulein ba. Wanne zan sa?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Frau za ki sa ƙanwata, sai sunan danginta ya biyo baya. Kada ki kuskura ki rubuta ɗayan. Shekararta ashirin ko sittin, ta yi aure ko ba ta yi ba, Frau ce. Littafin kawu ki riƙe shi don nahawu, amma wannan shafin zamaninsa ya wuce.

Nura Tudun Wada:
Ikon Allah. To idan budurwa da matar aure duk kira ɗaya ake musu, ta yaya mutum zai san wadda zai tunkara da wadda zai kauce wa?

Maman Ilham:
Nura, kai da kake namiji, in an ce maka Herr, wa ya san ko kana da iyali ko ba ka da shi? Abin da matan can suka nema ke nan, a bar su kamar yadda aka bar ku.

Baba Habu:
'Yata Hafsat, ki bi shawarar Maman Ilham, ita ke can yanzu. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Na yi karatun injiniya a Jamus ta Yamma a shekarun 1970, kuma a lokacin kalmar nan tana bakin kowa. Sakatariyar sashenmu Fräulein muke ce mata. Yarinyar da ke sayar da burodi a bakin layinmu haka. In ka shiga gidan abinci, namiji mai kawo abinci Herr Ober ne, mace kuma Fräulein. Tsofaffi ma har ƙari suke yi, su ce gnädiges Fräulein, su ɗan rusuna, su cire hula. Ban taɓa jin raini a ciki ba, ladabi na ji. Abin da ke damuna shi ne al'umma ta wayi gari ta jefar da kalmar girmamawa da ta yi ɗaruruwan shekaru tana amfani da ita. In ladabi ya ragu a harshe, da wuya ya ƙaru a hali.

Anti Rabi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne kalmar da girma ta fara, girman ma ya fi yadda ka faɗa. A zamanin da, ba kowace budurwa ake ce wa Fräulein ba, sai 'yar gidan sarauta. Ita kanta Frau asalinta uwargijiya ce, matar mai mulki, Fräulein kuma 'yarta da ba ta yi aure ba. 'Yar talaka ko 'yar mai sana'a Jungfer ake ce mata. A ƙarni na 18 da Faransanci ya zama abin yayi, 'ya'yan attajiran birni suka koma Mamsell, wadda aka gutsuro daga Mademoiselle. A wasan kwaikwayon Faust na shahararren marubucin Jamus Goethe, wanda kashinsa na farko ya fito a 1808, da Faust ya tare wata budurwa mai suna Gretchen a hanya ya kira ta Fräulein, sai ta ce masa ita ba Fräulein ba ce. Mai karatu na yau zai ɗauka tana nufin ta yi aure. A'a, cewa take ita ba 'yar sarauta ba ce, kada ya yi mata daɗin baki.
A ƙarni na 19 ne kalmar ta sauko ƙasa ta zama ta kowace mace marar aure. Da ta sauko, sai Jungfer ta koma zagi, ana cewa alte Jungfer ga wadda ta tsufa a gida, Mamsell kuma ta koma sunan mai aiki a kicin. Don haka Baba, Jamusawa sun sha canza waɗannan kalmomi tun kafin a haifi kakanninmu. Ba a 1972, da gwamnati ta daina amfani da Fräulein a ofisoshinta, suka fara ba.

Hafsat Gwale:
Anti na gode. Wani abu da ya ba ni mamaki a littafin shi ne das Fräulein aka rubuta, ba die da ake sa wa kalmomin jinsin mace ba. Wato a nahawu ba mace ba ce ma?

Baba Habu:
Wannan ba hujja ba ce 'yata, kada a ruɗe ki da ita. Ƙa'ida ce kawai: duk kalmar da aka liƙa wa -lein ko -chen a ƙarshenta tana ɗaukar das. Yarinya ma das Mädchen ce, kuma har gobe ba wanda ya ce a soke ta.

Anti Rabi:
A nan ina tare da Baba, das ba ita ce matsalar ba. Matsalar tana cikin -lein ɗin, domin aikinsa ƙaranta abu. Yarinya za ta girma ta fita daga Mädchen. Amma wadda ba ta yi aure ba, ko ta kai saba'in, tana nan a "ƙaramar mace". Saurayi kuwa da gemu ya fara fito masa ya zama Herr, ba wanda zai tambaye shi takardar aure.
Kuma Baba, abin bai tsaya a baki ba, ya shiga har cikin abincin mutane. A 1880 aka kafa ƙa'idar cewa malamar makaranta ba za ta yi aure tana kan aiki ba. Ranar da aka ɗaura mata aure, ranar ta rasa aikinta, ta rasa haƙƙinta na fansho. Shi ya sa yaran Jamus na wancan zamani in sun ce "Fräulein ɗinmu" malamarsu suke nufi, domin kusan duk malamar da ke gaban allo ba ta da miji. Sabon tsarin mulkin Jamus na 1919 ya soke wannan ƙa'ida. Ba a daɗe ba, a 1923, tattalin arziki ya rushe, gwamnati ta tashi rage ma'aikata, sai aka dawo da ita ta bayan gida, aka fara sallamar matan aure. Haka matan da ke haɗa layin tarho a gidan waya, waɗanda ake kira Fräulein vom Amt, marasa aure ake ɗauka. Sai a 1957 babbar kotun ƙwadago ta tarayya ta yanke hukunci cewa sharaɗin "in kin yi aure aikinki ya ƙare" ya saɓa wa tsarin mulki. Hafsat, wadda aka yi shari'ar a kanta ɗalibar aikin jinya ce kamar ke.
To ka ga mace tana da zaɓi biyu ne a lokacin. Ko ta riƙe aikinta ta mutu ana ce mata ƙarama, ko ta sami cikakken suna ta ajiye aikin. Ni abin da ke tsaya min a wuya ke nan duk lokacin da aka ce kalmar ladabi ce kawai.

Nura Tudun Wada:
Yanzu ke nan doka ce ta hana? In na faɗa za a kama ni?

Maman Ilham:
Ba mai kama ka. Kallo za a yi maka, wata kuma ta gyara maka a take a gaban mutane.

Anti Rabi:
Ba dokar laifi ba ce Nura, umarni ne ga ofisoshin gwamnati, kuma a hankali aka kai gare shi. Tun 1919 ministan cikin gida na Prussia, jiha mafi girma a Jamus ta lokacin, ya ba marasa aure damar kiran kansu Frau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu maganar ta ƙara zafi, domin maza sun ƙare a fagen daga da sansanonin fursuna, har ƙidayar 1946 ta nuna mata sun fi maza yawa da kusan miliyan 7. Cikin waɗannan mata akwai waɗanda suka kwashe ɓaraguzan birane, suka riƙe iyaye da marayu, wasu da 'ya'yan da ubanninsu suka mutu kafin a ɗaura aure. Mijin aure babu shi, ba wai sun ƙi ba ne. Amma takardar hukuma in ta zo, Fräulein ce a kai, mai kawo wasiƙa ya gani, maƙwabta su gani. Marie-Elisabeth Lüders, 'yar majalisar tarayya wadda ta sami digirin dakta tun 1912 kuma ba ta taɓa aure ba, tana cikin waɗanda suka tsaya kan maganar a majalisa a 1954. A 1955 ma'aikatar cikin gida ta ce duk wadda ta nuna tana son Frau, ofis ya kira ta haka. Amma lura, ita ce za ta nema. Sai ranar 16 ga Janairu 1972 Hans-Dietrich Genscher, yana ministan cikin gida a lokacin, ya ba da umarnin cewa hukumomin tarayya su riƙa kiran kowace baligar mace Frau.
Shi ya sa Baba ya same ta a bakin kowa a shekarun 1970. Takarda ta canza, baki bai canza ba tukuna. Sai da aka ɗauki shekaru kafin ta fita daga maganar yau da kullum.

Baba Habu:
Malama Rabi, na ji tarihin, kuma maganar malaman makarantar nan ta taɓa ni. Zalunci ne a raba mace da fanshonta don ta yi aure. Amma ai dokar ce azzaluma, kuma an soke ta. Me kalmar ta yi? Da an gyara dokar an bar kalmar, da yau ba wanda zai ji ciwonta.

Bilkisu A.:
Baba, ka yi haƙuri in sa baki, ni abin ya shafe ni kai tsaye. Na wuce talatin, ina aiki, ni ke biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu da maganin mahaifiyarmu, Allah bai kawo lokacin aurena ba. Ba dokar da ta hana ni komai. Amma in an yi taron gida, ƙanwata da na yi wa wanka tana jaririya ita ake zaunarwa cikin manya a nemi shawararta, don tana ɗakin miji. Ni kuma a ce "ke yarinya tashi ki duba tukunya". Ba mai nufin sharri, duk suna ƙaunata. Amma kalmar tana gaya min matsayina kullum. Ina tunanin wadda za a rubuta mata irin wannan a ƙofar ofishinta, a kan ambulan ɗin albashinta, a kira ta da shi a asibiti gaban jama'a har ta yi furfura. Wallahi na fahimci matan nan sarai.

Maman Ilham:
Allah ya kawo na gari Bilkisu, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar gida.

Bilkisu A.:
Amin Yaya, na gode.

Nura Tudun Wada:
Anti Bilkisu, ki yi haƙuri da tambayata ta farko in ta sosa miki rai. Sai dai a wajenmu ai ba mata kaɗai ba ne. Tuzuru ko ya shekara arba'in yaro ake ɗaukarsa, ba a sa shi a shawarar unguwa. Ga tashen gwauro da azumi, a ɗaura wa mutum igiya a zaga gari da shi. Mu rainin ya haɗa da kowa.

Anti Rabi:
Wannan gaskiya ne Nura, kuma nan ne muka bambanta da su. A wajenmu aure shi ke mai da mutum babba, namiji ko mace, ko da yake nauyin da mace ke ɗauka ya fi. Amma ka duba wani abu da harshenmu bai yi ba: bai sa alamar a cikin kiran girmamawa ba. Malama ba ta gaya maka komai game da aure, karatu take nunawa. Hajiya ma haka. Budurwa da bazawara da gwauruwa muna da su, amma ba wanda zai rubuta "Bazawara Wance" a kan takardar ofis. Kuma a al'adarmu mace ba ta ajiye sunan mahaifinta don ta yi aure.
Su kuwa a da, matar aure har muƙamin mijinta take ɗauka. Matar likita ana ce mata Frau Doktor ko ba ta taɓa shiga jami'a ba. Wadda ta yi karatun da kanta ta zama likita, in ba ta da miji, Fräulein Doktor ce. Ka auna wannan. Har zuwa 1958 doka ta ba miji hanyar da zai kashe kwantiragin aikin matarsa, kuma sai a 1977 aka cire sharaɗin cewa mace za ta yi aiki ne kawai in bai taɓa hidimar gida ba. Cikin wannan yanayi kalmar ta rayu, Baba, shi ya sa da wuya a wanke ta a ci gaba da amfani da ita.

Isuhu Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan Zinder. Mu da muka yi boko da Faransanci mun san irin wannan. Namiji mai koyarwa mushe ne, wato Monsieur, ko yana da mata ko babu, mace kuwa sai an tantance, Madame ce ko Mademoiselle. Faransa ta daɗe ba ta bi sahun Jamus ba. Sai a watan Fabrairu 2012 firaminista François Fillon ya ba da umarnin a cire Mademoiselle daga takardun hukuma, shekara 40 bayan Genscher. Amma a baki tana nan, a can da nan duka. Na san matan da in ka ce musu Madame za su ɓata rai, wai ka tsufar da su. To ni tambayata, ba a samu irin waɗannan a Jamus ba? Duka matan ne suka yarda?

Maman Ilham:
Malam Isuhu, an samu, kuma na ga ɗaya da idona. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, a yankin Köln. Akwai wata tsohuwa da muka yi jinya, ta haura casa'in, malamar firamare ce da ta yi ritaya, ba ta taɓa aure ba. Da aka kawo ta aka rubuta Frau a ƙofar ɗakinta kamar kowa. Ta ƙi, ta ce a cire. Ta ce ita Fräulein ce, da wannan sunan ta koyar da yaran ƙauyensu har suka haifi nasu ta koyar da su, da shi aka san ta, ba ta ci arzikin wani namiji ba, kuma ba za a zo a ƙarshen rayuwarta a liƙa mata sunan da bai zama nata ba. Sabbin ma'aikata, 'yan mata Jamusawa, bakinsu har nauyi yake yi in za su faɗa, don an koya musu tun suna yara cewa rashin ɗa'a ne. Amma shugabarmu ta ce abin da ta zaɓa shi za a kira ta da shi. Aka canza rubutun ƙofar. Haka muka riƙa kiranta har ta rasu.

Baba Habu:
Alhamdu lillahi. Kun ji ko? Ga mai abin da kanta ta ce girma ne. Irin waɗannan matan na sani. Sakatariyar da na ambata haka take, in ta yi magana har farfesa sai ya nutsu.

Bilkisu A.:
Baba, ni labarin nan kusan hawaye ya sa ni. Amma ka lura, ita ta zaɓa. Ta biya kuɗin sunan nan da rayuwarta, tana da iko ta riƙe shi. Wadda ba ta so fa? A da sai ta buɗe baki ta roƙi ofis kafin a ce mata Frau, kuma roƙon kansa tonon asiri ne, don kowa zai tambaya me ya sa, ko tana da ɗa ne ba miji. Yanzu mai son Fräulein ita ke faɗa, sauran a bar su da sirrinsu. Ni wannan ya fi min adalci.

Isuhu Damagaram:
Maganar Malama Bilkisu ta shige ni. Amma ina ganin tsohuwar ma tana da hujjar da ba a amsa ba. In aka ce kowa Frau, kamar an yarda ne cewa sunan matar aure shi ne cikakke, sauran a ɗaga su zuwa gare shi. Ita kuma cewa take rayuwata cikakkiya ce yadda take.

Anti Rabi:
Hujja ce mai ƙarfi Malam Isuhu. Abin da zan ce kawai shi ne Frau a Jamusanci ba matar aure kaɗai take nufi ba, ita ce kalmar "mace" baliga gaba ɗaya. Don haka wadda aka hana ta Frau ba sunan aure kaɗai aka hana ta ba, an hana ta a kira ta babbar mace. Masu Ingilishi da ba su da irin wannan kalma sai da suka nemo ta uku, Ms, suka ajiye kusa da Miss da Mrs. Jamusawa ba su buƙaci ƙirƙira ba, abin yana hannunsu.

Hafsat Gwale:
Yanzu kalmar ta mutu ke nan gaba ɗaya, ban da wajen tsofaffi?

Maman Ilham:
Tana nan a ɓoye. Za ki gan ta a allon shagon shayi ko na kayan kwalliya, masu son abin ya yi kama da na zamanin da. Sai kuma wajen faɗa. Uwa in 'yarta ƙarama ta yi rashin ji, za ki ji ta ce "mein liebes Fräulein" da kakkausar murya, yarinya ta san ta taɓo. Ilham ta sha jin wannan wajen maƙwabciyarmu tana yi wa tata 'yar. To ki duba, kalmar da ake tsawata wa 'yar shekara shida da ita, ita za ki aika wa shugabar ma'aikatan asibiti?

Baba Habu:
To na ji, a takarda da ofis na sallama. Amma gidan abinci fa? Da na koma ziyara bayan ritaya, ɗana ya ce kada in ce Fräulein. Na ce to me zan ce? Ya ce ba komai, in ɗaga hannu kawai. Wannan bai kwanta min ba har yau. Mutum yana yi maka hidima, ka kira shi da hannu ba suna ba laƙabi? A nan ko yaron mai shayi ka ce masa "ɗan samari" ko "abokina".

Maman Ilham:
Baba, ana haɗa ido da ita ne, a ɗan ɗaga hannu, a ce Entschuldigung, wato a gafarce ni. In tana da suna a ƙirjin rigarta, a shago ko asibiti, sai ka ce Frau wance. Kuma ba mata kaɗai abin ya shafa ba, Herr Ober ɗin ma da wuya ka ji shi yanzu sai a bakin sa'o'inka. Abin da suke kula da shi sosai shi ne Sie, wato "ku" na girmamawa, da du, wato "kai" ko "ke" na sabo. In ka ce wa babbar mace du ba ta ba ka izini ba, wannan ya fi komai ɓata mata rai, kuma a wajen aiki babba ne ke fara ba da izinin, ba ƙarami ba.

Baba Habu:
Wannan kam tun zamaninmu haka yake. Sakatariyar nan har na gama karatu na dawo gida Sie nake ce mata, ita ma haka take ce min, kuma mun ci gaba da musayar katin gaisuwar sabuwar shekara har ta rasu.